Yadda Ake Bin Diddigin Asalin Tunanin Abin Bauta a Mahangar Dao

Mai nazarin da ya tashi cikin tarbiyyar tauhidi, idan aka tambaye shi daga ina tunanin abin bauta ya samo asali, zai ɗauki tambayar a kan ɗan Adam take, wato yadda mutum ya san Mahaliccinsa, domin a wurinsa Mahalicci ba shi da farko balle a nemi asalinsa. A littattafan Dao, tsohon tafarkin falsafa da addini na ƙasar Sin wanda wasu ke rubuta sunansa da Tao, tambayar tana da fuska biyu, kuma wanda bai raba su tun da wuri ba zai yi ta cakuɗa su har ƙarshen bincikensa. Fuska ta farko ita ce abin da littattafan suka faɗa game da inda alloli da ruhohi suka fito, domin a ganinsu su ma suna da mafari kamar yadda duwatsu da koguna suke da shi. Ta biyu ita ce tarihin yadda mabiya wannan tafarki, waɗanda littattafansu na farko ba su kira kowa ga sujada ba, suka wayi gari da ɗakunan ibada cike da sunayen alloli da muƙamansu. Hanyar da za a shimfiɗa a nan ta fahimtar abin da mutanen suka faɗa ce, kuma fahimtar magana daban take da yarda da ita.

Kada a fara da littafin Laozi, tsohon malamin da ake ɗauka jagoran wannan tafarki, ko da yake shi ne kowa yake miƙa wa hannu da farko. A fara da abin da littafin ya tarar a ƙasa, domin wanda bai san da wa ake jayayya ba zai ji amsa ne kawai ba tare da ya ji tambayar ba. Daga wajajen shekara ta 1250 zuwa 1046 kafin miladiyya, sarakunan daular Shang suna zaune a inda yanzu ake kira Anyang, a lardin Henan, kuma suna yin duba da ƙashin kafaɗar shanu da ɓawon cikin kunkuru. Mai duba yakan fafe 'yan ramuka a bayan ƙashin, ya ɗora abu mai zafi a kai har ƙashin ya tsage, a karanta amsa daga yadda tsagar ta bi, sannan a sassaƙa tambayar a jikin ƙashin, wani lokaci har da abin da ya auku daga baya. Masana sun farga da waɗannan rubuce-rubuce a shekarar 1899, kuma a cikinsu ne aka ga sunan Di, wanda yake ba ruwan sama da iska da tsawa umarni, yake saukar da fari, yake amincewa da gina birni ko ya cutar da shi. Abin lura shi ne da wuya a ga an yi wa Di hadaya kai tsaye. Shanu da giyar gero kakannin sarki da suka mutu ake ba su, domin su ne ake ganin ana iya lallashinsu.

Da daular Zhou ta kifar da Shang wajajen 1046 kafin miladiyya, sai ta ɗaukaka Tian, wato Sama, ta ce Sama ce take ba gidan sarauta izinin mulki idan ya yi adalci, ta kuma karɓe idan ya lalace. A ƙarni na 5 kafin miladiyya kuma malamin falsafa Mozi da almajiransa suka ƙara ƙaimi, suna cewa Sama tana da nufi, tana son mutane su ƙaunaci juna, kuma fatalwowi da ruhohi suna sa ido suna saka wa mai kirki, suna hukunta mugu. A riƙe wannan hoto da kyau, hoton mai iko a sama wanda yake ba da umarni kamar sarki, domin shi ne littattafan Dao za su zo su tambayi abin da ya riga shi.

Yanzu a buɗe Daodejing, littafin da ake jingina wa Laozi, mai babi 81 da kalmomin Sinanci kusan dubu biyar. Shawarata ita ce kada a karanta shi daga babi na 1 zuwa na 81 domin wannan bincike, a tsallaka kai tsaye zuwa babi na 4. A nan ne kaɗai sunan Di ya bayyana a cikin littafin, kuma a jimla guda: marubucin ya ce bai san ko Dao ɗan wane ne ba, amma da alama ya riga Di. Bai ƙaryata samuwar Di ba, bai kuma zage shi ba, ya dai ja shi baya daga sahun farko ya ajiye shi a sahu na biyu, kuma kusan duk abin da za a gani a ƙarnonin da suka biyo baya daga wannan jimla ya tsiro. Daga nan a wuce babi na 25, inda aka ce akwai wani abu da ya haɗu a cakuɗe tun kafin sama da ƙasa, shiru, ba shi da siffa, yana tsaye shi kaɗai ba ya canzawa, kuma marubucin bai san sunansa ba, ya dai laƙaba masa Dao, wato hanya. Ƙarshen babin ya jera cewa mutum yana koyi da ƙasa, ƙasa tana koyi da sama, sama tana koyi da Dao, shi kuwa Dao yana koyi da abin da suke kira ziran, wato kasancewar abu yadda yake da kansa ba tare da an sa shi ba. Sama ɗin da Zhou da Mozi suka ɗora a ƙololuwa ta koma mai koyi.

A babi na 42 a dakata a kan aikatau ɗin da aka yi amfani da shi. An ce Dao ya haifi ɗaya, ɗaya ya haifi biyu, biyu ya haifi uku, uku ya haifi abubuwa dubu goma, wanda a Sinanci yake nufin komai da komai. Haihuwa aka ce, kuma littafin ya sha kiran Dao uwar duniya. Mai ƙira yakan tsara abu a zuciyarsa, ya yi niyya, ya aikata, kuma abin da ya ƙera yana wajensa, dabam da shi. Mai haihuwa kuwa ba ta zana kamannin ɗanta kafin ya zo, kuma daga jikinta yake fitowa. Babi na 51 ya ƙarasa maganar da cewa Dao yana haifarwa amma ba ya mallaka, yana aiki amma ba ya taƙama, yana reno amma ba ya mulki. Idan mai nazari ya ajiye wannan kusa da Di mai ba ruwan sama umarni, zai ga cewa abin da aka cire daga tushen samuwa shi ne umarni da nufi da sarauta, wato ainihin sifofin da suke sa a roƙi wani ko a ji tsoronsa.

Babi na 5 shi ne wanda ya fi tayar wa masu karatu hankali, domin ya ce sama da ƙasa ba su da tausayi, suna ɗaukar dukkan abubuwa kamar karnukan ciyawa. Littafin Zhuangzi, wani babban littafin Dao, ya bayyana mene ne waɗannan karnuka: ana saƙa su da ciyawa domin bikin hadaya, kafin bikin a adana su cikin akwati a lulluɓe da zane mai ado, bayan bikin kuwa masu wucewa su tattake su, masu neman makamashi su kwashe su zuwa murhu. Ba ƙiyayya ta sa aka yar da su ba, kamar yadda ba ƙauna ta sa aka lulluɓe su ba, lokacinsu ne ya zo ya wuce. Sai dai adalcin bincike ya wajabta a karanta ƙarshen babi na 79 tare da wannan, inda aka ce hanyar Sama ba ta da ɗan gida, amma kullum tana tare da mutumin kirki. Masu sharhi sun daɗe suna ƙoƙarin sasanta waɗannan wurare biyu, kuma ni a ganina gara a bar saɓanin a fili, domin littafin tarin zantuka ne da aka haɗa a tsawon lokaci, kuma tsohon tunanin Sama mai sakayya bai gama fita daga cikinsa ba.

To, ina alloli da ruhohi suka shiga? Babi na 39 ya lissafa abubuwan da suka sami Ɗaya: sama ta same shi ta yi garau, ƙasa ta same shi ta natsu, ruhohi suka same shi suka yi tasiri, kuma da za su rasa shi da sun ƙafe. Babi na 60 ya ce idan aka mulki duniya da Dao, fatalwowi ba sa nuna ƙarfinsu, ko kuma ƙarfin nasu ba ya cutar da mutane. Ruhohi suna nan ke nan, amma ƙarfinsu na aro ne. Game da ibada kuwa, babi na 38 ya jera gangarowa mataki-mataki: idan aka rasa Dao sai a koma ga nagarta, idan aka rasa nagarta sai tausayi, bayansa sai adalci, bayan adalci sai ƙa'idojin biki da ladabi, waɗanda ya kira ɓawon amana kuma mafarin rikici. Babi na 32 ya ƙara da cewa Dao ba shi da suna, amma da zarar an fara yanka abu kashi-kashi sai sunaye su bayyana, kuma idan sunaye sun bayyana ya kamata a san inda za a tsaya. Daga haɗa waɗannan ne masu nazari suke fitar da abin da za a iya kira bayanin Dao kan asalin tunanin abin bauta: mutane sun yi nisa da tafiyar abubuwa ta asali, sai suka yanko wani yanki na abin da ba shi da suna, suka sa masa suna da fuska da kujerar mulki irin ta sarakunansu, suka kuma tsara bukukuwan neman yardarsa. A rubuta a fili cewa wannan fahimta ce da aka ciro daga nassin, domin Laozi bai taɓa zama ya ce mutum ne ya ƙirƙiri alloli saboda tsoro ba. Wannan magana ta wasu masu falsafar Turai ce, kuma sa ta a bakinsa ha'inci ne.

Mataki na gaba gajere ne, amma yana kare mutum daga dogaro da fassara guda. A shekarar 1973 an tono kwafi biyu na littafin a rubuce kan siliki a Mawangdui, kusa da Changsha, cikin kabarin da aka rufe a shekara ta 168 kafin miladiyya. A 1993 kuma aka sami wasu sassansa a rubuce kan sillayen gora a Guodian, a lardin Hubei, cikin kabarin da ya kai wajajen shekara ta 300 kafin miladiyya, kuma babi na 25 yana cikinsu. Tare da su akwai wani ɗan rubutu da ya ce Babban Ɗaya ya haifi ruwa, ruwa ya juyo ya taimake shi aka sami sama, sama ta juyo ta taimaka aka sami ƙasa, sannan sama da ƙasa suka taimaki juna aka sami ruhohi da masu haske, daga su sai abin da suke kira yin da yang, wato ɓangaren duhu da ɓangaren haske, sai lokutan shekara huɗu. Littafin Huainanzi, wanda aka miƙa wa Sarki Wu na daular Han a shekara ta 139 kafin miladiyya, shi ma ya kawo ruhohi biyu da aka haifa cikin duhun farko, suka tsara sama da ƙasa. A duka biyun ruhohi a tsakiyar jerin suke zuwa.

Zhuangzi, wanda ya rayu a ƙarni na 4 kafin miladiyya, yana bukatar a bi shi a hankali domin da wasa yake faɗin magana mai nauyi. A babi na 6 na littafinsa ya ce Dao shi ne tushen kansa, yana nan tun kafin sama da ƙasa, shi ya ba fatalwowi da Di ƙarfinsu na ruhi. A babi na 2 ya duba yadda farin ciki da fushi da baƙin ciki suke musanya a zuciyar mutum dare da rana, ya ce kamar dai akwai wani shugaba na gaskiya da yake tafiyar da su, sai dai ba a ga sawunsa ba. Ya kuma tambayi gaɓoɓin jiki: wanne ne sarki a cikinsu, ko dukkansu bayi ne, ko kuwa karɓa-karɓa suke yi? Babi na 14 ya buɗe da jerin tambayoyi a kan wane ne yake juya sama, wane ne yake riƙe da igiyoyinta, ko kuwa wata na'ura ce da ba ta iya tsayawa. A nan mai nazari zai ga Zhuangzi yana nuna daidai inda tunanin mai iko yake tsirowa a zuciya, wato mutum ya ga tsari sai ya nemi mai tsarawa, amma shi Zhuangzi yana barin tambayar a buɗe, ba ya cike gurbin da suna.

Akwai tarko a cikin littafin, domin yana amfani da laƙabin Mai Yin Abubuwa, kuma mai gaggawa zai ce ga Mahalicci nan. A duba inda laƙabin yake fitowa. Wani mutum ne cuta ta tanƙware shi, bayansa ya yi doro, haɓarsa ta kai cibiya, ya ja jiki zuwa bakin rijiya ya leƙa kamanninsa a ruwa, ya yi mamakin yadda Mai Yin Abubuwa ya murɗe shi haka, ya ce idan an mayar da hannunsa na hagu zakara zai yi cara da shi da asuba. Abokinsa da ke bakin mutuwa ya kwatanta sama da ƙasa da babbar maƙera, ya ce da ƙarfe zai yi tsalle daga cikin wuta ya ce lallai sai an ƙera shi takobi mai suna, da maƙerin ya ɗauke shi ƙarfe mai shu'umci. Babu wanda ya roƙi wannan Mai Yi sauƙi ko ya yanka masa dabba, domin suna ne da aka ara wa sauyawar abubuwa. Labarin farin kunkuru a babi na 26 kuma ya taɓa tsohuwar sana'ar duba kai tsaye: kunkurun ya iya zuwa wa sarkin tsohuwar masarautar Song a mafarki, kuma bayan an kashe shi an yi duba da ɓawonsa sau 72 ba a taɓa kuskure ba, amma duk saninsa bai kuɓutar da shi daga tarun masunci da wuƙa ba.

Guo Xiang, wanda ya rasu a shekara ta 312 miladiyya, shi ya tsara littafin Zhuangzi zuwa babi 33 da ake karantawa yau, kuma sharhinsa ya kai maganar iyakarta. Ya tambaya ko Mai Yin Abubuwa samamme ne ko babu ne: idan babu ne, ta yaya babu zai yi wani abu, idan kuwa samamme ne, to shi ma abu ne guda cikin abubuwa, bai isa ya samar da dukkan siffofi ba. Sai ya yanke cewa kowane abu da kansa yake fitowa. Mai ilmin tauhidi zai ga cewa an rufe ƙofar da malaman kalam, masu kafa hujjar tauhidi da hankali, suke shiga ta ciki, ta samammen da samuwarsa wajibi ce kuma bai yi kama da sauran samammu ba, kuma yana da kyau ya lura da wannan a rubutunsa, muddin ya fara kawo hujjar Guo Xiang yadda take.

Daga nan bincike yana juyawa zuwa fuska ta biyu, kuma a nan ne yawancin masu rubutu suke zamewa, su ce akwai falsafa mai tsabta da jahilai suka gurɓata ta zama addini. Wannan rabo ya fi sauƙin faɗa, amma yana hana ganin yadda addinin ya gina allolinsa a kan jimlar babi na 4 ɗin nan. A tarihin da Sima Qian ya rubuta wajajen shekara ta 100 kafin miladiyya, Laozi mutum ne, mai kula da taskar takardun fadar Zhou, wanda ya rubuta littafinsa bisa roƙon mai gadin mashigar yamma sannan ya wuce ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Zuwa shekara ta 142 miladiyya, mabiya Zhang Daoling suna cewa Laozi ya bayyana gare shi a kan dutsen Heming a Sichuan a matsayin Maɗaukakin Ubangida Lao, ya naɗa shi Malamin Sama. A 165 Sarki Huan na daular Han ya aika a yi wa Laozi hadaya a mahaifarsa, a 166 ya yi da kansa a fada. Yadda aka sasanta wannan da littafin yana cikin sharhin Xiang'er, wanda aka sami kwafinsa a kogunan Dunhuang: Ɗaya idan ya watsu shi ne qi, idan ya dunƙule shi ne Ubangida Lao. Qi, wanda ake furtawa kusan kamar "ci", shi ne abin nan mai kama da huci ko tururi da Sinawa suke ganin komai daga gare shi yake, har Zhuangzi ya ce rayuwa taruwarsa ce, mutuwa kuwa watsewarsa. Abin bauta a wannan fahimta wata dunƙulewa ce ta ɗan lokaci da abin da ba shi da siffa yake yi domin ya koyar da mutane.

A lura kuma da wanda wannan sabon addini ya ɗauka abokin gaba. Malaman Sama sun yaƙi bautar gargajiya ta yanka dabbobi ga ruhohin matattun jarumai, suna kiransu ruɓaɓɓen qi da ke tatsar talakawa, kuma ƙa'idarsu ita ce alloli na gaskiya ba sa ci ba sa sha, malamai kuma ba sa karɓar kuɗi. Kowane gida awo biyar na shinkafa yake bayarwa, har aka riƙa kiran tafiyar da wannan suna. Idan mutum ya kamu da ciwo, sai a sa shi ya keɓe a ɗakin shiru ya tuna laifuffukansa, a rubuta ikirarinsa kwafi uku, ɗaya a kai kan dutse domin ofishin Sama, ɗaya a binne domin ofishin Ƙasa, ɗaya a nutsar a kogi domin ofishin Ruwa. Takarda ta maye gurbin jini, kuma alloli sun zama ma'aikata masu karɓar koke.

Abin da ya biyo baya ana iya binsa da sauri ta hanyar shekaru. Tsakanin 364 da 370 aka rubuta littattafan Shangqing da Yang Xi ya ce wasu tsarkaka ne suka sauko suka shifta masa, wajajen 400 kuma littattafan Lingbao suka fito, waɗanda suka ari abubuwa da yawa daga addinin Buddha suka kuma gabatar da Yuanshi Tianzun, Mai Girman Sama na Mafarin Farko. Daga baya aka jera shi da wasu biyu, ciki har da Laozi, suka zama Tsarkaka Uku, waɗanda ake cewa qi guda ne ya rabu uku. Lu Xiujing ya tsara littattafan kashi uku a 471. Sarakunan Tang, da yake sunan gidansu Li ne kamar yadda aka ce na Laozi yake, sun ɗauke shi kakansu, har Sarki Gaozong ya ba shi laƙabin sarauta a 666, sarakunan daular Song kuma suka ɗaukaka Sarkin Yu, wanda ake dangantawa da dutsen ado mai daraja, ya zama shugaban mulkin sama. Kundin littattafan Dao da aka buga a 1445 ya ƙunshi littattafai wajen 1,400, kuma babu mai iya karance su domin tambaya guda, saboda haka ana bukatar ma'auni.

Ma'aunin da ya fi amfani shi ne, duk abin bautar da aka ci karo da sunansa, a tambaya ko daga qi na kafin sama da ƙasa aka ce ya dunƙulo, ko kuwa mutum ne da ya rayu ya mutu aka ɗaukaka shi. Tsarkaka Uku suna rukunin farko, ba a yi musu yanka, kuma su ne a sama. Guan Yu, janar ɗin da aka kashe a ƙarshen daular Han, da Mazu, matar tsibirin Meizhou a Fujian da masunta da matuƙa jiragen ruwa suke kira, suna rukuni na biyu, kuma fadar sarakunan duniya ce ta riƙa ƙara musu laƙabi daga daula zuwa daula har shi ya zama sarki, ita ta zama Sarauniyar Sama. Sai a ƙara tambaya ko sunan na mutum ne ko na kujera, domin mai tsaron birni da mai tsaron unguwa muƙamai ne da ake naɗawa, ana ƙara girma, ana kuma saukewa. Wanda ya san yadda koke yake tashi daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, har ya isa fadar sarki, zai gane tsarin nan take, har da mai tsaron murhu wanda yake tafiya sama ranar 23 ko 24 ga watan ƙarshe na shekarar Sinawa ya kai rahoton gidan, ana shafa wa hotonsa zaƙi a baki kafin ya tafi. Sarkin Yu kansa, duk da shi ne kan wannan mulki, yana ƙarƙashin Tsarkaka Uku, su kuma suna ƙarƙashin Dao wanda ba ya mulki.

Kada a rufe binciken ba tare da an leƙa cikin jiki ba, domin a nan ne fuskokin biyu suke haɗuwa. Littafin Huangting ya ba kowace gaɓa ruhinta da sunansa da launin tufafinsa, na hanta kore, na zuciya ja, na huhu fari, kuma mai bimbini yana ƙoƙarin ganinsu da idon zuci domin kada su bar jikinsa. A babban bikin jiao, wanda har yau ake yi a Taiwan da kudancin Sin, malamin ibada yakan kunna kaskon turare, ya kira jami'an ruhi su fito daga jikinsa, ya ba su takardar koken jama'a su kai sama, a ƙone takardar, kuma idan an gama ya mayar da su mazauninsu. Marubucin Xiang'er tun a zamaninsa ya soki masu ba Dao tufafi da suna da tsawo, wanda ke nuna cewa gardamar ko siffofin nan na gaske ne ko tsani ne kawai tsohuwa ce a cikin gidan.

Wajen rubuta sakamako, a guji fassara Dao da sunan Allah ko Ubangiji, domin Dao ba ya magana, ba ya nufi, ba ya hisabi, kuma shi kansa littafin ya ce sunan laƙabi ne na dole. Malaman Musulmin Sin sun yi wannan taka-tsantsan: sun zaɓi Zhenzhu, wato Ubangiji na Gaskiya, kuma Wang Daiyu a ƙarni na 17 ya bambanta Ɗaya na Gaskiya da ɗayan lissafi wanda yake mafarin halittu. A kuma sa shekara kusa da kowace da'awa, domin shafukan intanet da yawa suna kawo labarin Pangu a matsayin tsohon labarin halitta na Dao, alhali an fara rubuta shi ne a ƙarni na 3 miladiyya, a hannun Xu Zheng, ɗaruruwan shekaru bayan sillayen Guodian. A labarin ma an haifi Pangu ne cikin cakuɗar farko mai kama da ƙwan kaza, ya yi shekara 18,000 yana girma tsakanin sama da ƙasa, kuma da ya mutu numfashinsa ya zama iska, muryarsa tsawa, idonsa na hagu rana, na dama wata, saboda haka a jerin da mai nazari zai zana wurinsa yana cikin waɗanda aka haifa, a ƙasa da Dao.